Saƙon godiya bayan kare kundina

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kare kundin bincikena na Masta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, kuma alƙalai sun amince da shi.

Godiya ta farko ga Malamina da ya duba aikin. Shi ya ɗora ni a kan lipoprotin lipas, wato LPL, sinadarin da ƙwayoyin kitsen jikinmu ke ƙerawa don fasa maiƙon da ke yawo cikin jini bayan an ci abinci, jiki ya samu ya adana shi. Tun 1943 Paul Hahn ya lura heparin, maganin hana jini daskarewa, na washe jinin da maiƙo ya turbune, a 1955 kuma Edward Korn ya bayyana sinadarin da ke wannan aiki, wato LPL. Nawa aikin bin rubuce-rubucen masana ne a kan sarƙoƙin sukari guda biyu da ake liƙa masa tun yana cikin ƙwaya, a gurbi na 43 da na 359 na jerin tubalan da suka gina shi. In babu ta gurbi na 43, ba ya aiki. Liƙawar ma ba ta isa ba, sai an datse gulukos ɗin da ke bakin sarƙar kafin ya naɗe daidai. Kamar ɗinki ne da ba a cire zaren tsaga ba, mai shi ba zai sa ba. Malam ya sha maido mini da wannan babi da jan biro, yana cewa, "Faɗa mini yadda Innarka za ta gane." Allah ya saka da alheri, Malam.

Ga shugaban alƙalai, na gode da tambayar da ta sa ni zufa: to gyaran da ake yi wa sarƙar daga baya a Golgi, wato sashen ƙwaya da ake ƙarasa gyaran irin wannan sinadari, fa? Amsar ita ce ko an tare datse mannos (wani nau'in sukari da ke sarƙar) a can, sinadarin yana aikinsa. Matakin farko ne ke yanke hukunci. A ganina nan ne daɗin batun yake, domin ana iya samun LPL da yawa a kitse amma ba ya tsinana komai. Waɗanda aka haifa ba shi da ƙarfi a jikinsu, jininsu kan yi fari kamar madara, ciwon ciki mai tsanani ya riƙa kwantar da su.

Inna, da kika zauna a layin gaba kina jan carbi har aka tashi, na gode. Yaya da ya biya kuɗin buga kundi, 'yan uwa da suka taso daga Tibiri da Tasawa, matan unguwar Zariya da suka kwana kan tukunya, Allah ya bar zumunci. Abokina da ya ruga a kabu-kabu ya ɗauko janareto sa'ad da wuta ta ɗauke ana tsakiyar bayani, bashinka yana wuyana.

Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa. Mai son kundin ya yi mini magana ta WhatsApp in tura masa.