Fostar wake a shagon mai buga fostar 'yan takara

Talata. Saura kwana huɗu mu tafi taron gabatar da bincike.

Bayan na idar da sallar asuba na buɗe saƙon da masu shirya taron suka turo, don kawai in duba ƙarfe nawa za a fara rajista. Nan idona ya faɗa kan wani layi da zan iya rantsewa ban taɓa gani ba, alhali wata biyu ke nan saƙon yana cikin wayata: fosta ta kasance A0, a tsaye. Wato faɗi santimita 84.1, tsawo 118.9. Ni kuwa a kwance na tsara tawa, mako uku ina fama da ita. Na zauna bakin katifa ina ta salati. Ƙanwata ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Yaya, wa ya rasu?" Na ce ba kowa, koma ki kwanta.

Tun jiya da la'asar aka ɗauke wuta, sai na haɗiye shayi a tsaitsaye na kama hanyar makaranta. Hazo ya rufe Samaru, ko fitilar keken da ke gabanmu da ƙyar ake gani.

Ga wanda bai san abin da nake yi ba, aikina a kan ajiyar wake ne. Ƙwaron wake yakan saka ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, bayan kamar mako uku zuwa huɗu ta fito ta zama ƙwaro, ta bar wannan 'yar ƙofa zagayayyiya da kowace mace ta sani. Shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya lau da kaka, kafin bazara sai ka tarar ya koma gari. Na gwada hanyoyin da mutanenmu ke bi, toka da barkono, na kwatanta su da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Yammacin Afirka a 2007. Ba magani a cikinsa. Ana ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su mutu. Tsakure biyu na binciken na tura wa masu shirya taron, ɗaya aka ce in gabatar da baki, minti 12 da minti 3 na tambayoyi, ɗayan kuma fosta. Lokacin murna na yi. Yau na gane kaya na ɗaukar wa kaina.

Ƙarfe goma na samu Malam, mai duba aikina, a ofis. Na gaishe shi, na juya masa kwamfutar. Ya yi ta danna maɓalli bai ce uffan ba har ya kai ƙarshe, sannan ya cire tabarau.

"Shafi nawa ne?"

"31 ne, Allah ya gafarta Malam."

"A minti 12. Ke da wa za ku yi tseren?"

Ya koma farko. Shafina na biyu cewa yake wake muhimmin abinci ne mai gina jiki, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Ya ce duk wanda zai zauna a zauren nan da wannan jimlar ya buɗe takardarsa ta digiri, in na sake karanta musu sai su ciro waya. Ya share shafi bakwai na bitar ayyukan magabata ya bar ɗaya. Abin ya yi min ciwo, don a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na ƙare hutun bara ina tattara su. Amma da ya zo kan shafin da na kawo batun 2015, shekarar da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a ciki, sai ya tsaya. Ya ce wannan ki dawo da shi gaba, ki sa hoton hujajjen wake a gefensa, domin shi ne dalilin aikin gaba ɗaya: ɗan kasuwa ba don mugunta yake zuba fiya-fiya ba, tsoron asara ne. Muka tashi da shafi 13.

Na zauna a ɗakin gwaji na miƙar da fostar tsaye. Duk abin da na matsar sai wani ya goce. Ƙarfe biyu na gama cusa komai, na mai da shi PDF na sa a filashi.

Shagon da aka kwatanta min yana cikin wani lungu a bayan titin Sakkwato. Janareta na ta ruri a ƙofa, ciki kuwa warin tawada har maƙogwaro. Bango duk ragowar aiki ne: banar walimar saukar Alƙur'ani, kalandar biki, da fuskar wani ɗan takarar kansila da ya yi oda bai dawo ya karɓa ba. Mai shagon dattijo ne, yatsunsa duk shuɗi. Na ce A0 nake so, ya ce, "Mu nan ƙafa muke aunawa, Malama. Naki kusan uku da huɗu ke nan. Takarda ko fileks?" Na ce takarda, don na ji ana cewa fileks yana ƙyalli in fitila ta haska shi.

Ya buɗe fayil ɗin ya daɗe yana kallo.

"Wannan a zaune za a karanta ta ko a tsaye?"

Na ce a tsaye mana, Baba, a allo za a manna.

Sai ya buga min ɓangare guda a farar takarda daidai girman da zai fito, ya liƙa a bango, ya ce in koma bakin ƙofa. Taku uku ne kacal. Kan fostar na iya karantawa, sauran kuwa kamar tururuwa ta yi jerin gwano. Ya nuna ɗan takarar nan ya ce, "Kin ga wannan? Daga kan babur ake karanta shi. Fuska, suna, jam'iyya. Ke mene ne fuskar taki?"

Da farko raina ya ɗan sosu, na ce a zuci ai ilimi ba siyasa ba ne. Amma na tuna yadda nake yi ni kaina a wajen fosta: kofin shayi a hannu, ina tafe ina waige, wadda ta cika rubutu in wuce ta kamar ban gani ba. Masu alƙalanci ma ba su fi 'yan mintoci a gaban kowace ba. Mutumin nan bai san sunan ƙwaron a Latin ba, amma ya fi shekara ashirin yana nazarin idon mai wucewa, mu kuwa ba wanda ya taɓa koya mana wannan a aji.

Ya ba ni kujera da soket. Na cire jadawali biyu daga cikin uku. Hoton tafin hannu biyu, ɗaya da waken cikin toka ɗaya da na cikin buhun, wanda na maƙale a kusurwa kamar tambarin wasiƙa, na jawo shi tsakiya na buɗa shi. Kan fostar mai kalma 24 na mai da shi jimla ɗaya da ke faɗin abin da na gano. Ya ce hoton farko da na ba shi zai fashe in an faɗaɗa, don daga WhatsApp na ciro shi, dole na tono na asali a cikin kwamfuta. Sau biyu yana mai da ni bakin ƙofa. A na uku ya ce, "To, yanzu ko ni zan tsaya."

Da injin ya fara turo ta a hankali na hango na rubuta sunan ƙwaron ba a karkace ba, alhali ƙa'ida ce sunan kimiyya a karkata shi. Ta riga ta fito rabi. Na yi shiru. Malam zai gani, na sani.

Kwalin naɗe fosta ban samu ba, sai na biya kasuwar Samaru wajen masu kayan famfo aka yanko min bututun roba mai ƙafa uku da murfi biyu. Mai keke ya tambaye ni ko rijiyar burtsatse ake haƙa mana.

Bayan isha'i na tsayar da ƙanwata ta riƙe waya tana ƙirga min lokaci. Zagayen farko minti 16. Na biyu 14 da ɗoriya, kuma ta ce in na zo wajen alkaluma ina sauri kamar wadda kare ya biyo, sannan na faɗi kalmar Turancin nan "so" sau goma sha ɗaya, ta ƙirga. Ta kuma jefo tambayar da ban shirya mata ba: in ɓera ya huda ledar fa? Amsar ita ce iska ta shiga, aiki ya ɓaci, shi ya sa ake ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Na rubuta a bayan hannuna kada in manta in ƙara shi a shafin ƙarshe.

Har yanzu minti biyu sun yi min yawa, kuma ban san wane shafi zan sake yankewa ba. An kawo wuta ƙarfe sha ɗaya saura. Bari in sa kwamfutar a caji kafin su farga.