Sujadar asuba a gidanmu na Ƙofar Ƙaura

Fasto yana ganin yarana awa biyu ko uku a mako, ranar Lahadi. Sauran kwanakin suna hannuna da na uwarsu. Wannan lissafin ne ya sa na kafa sujadar iyali a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, tun babban ɗana yana firamare.

A Katsina ba ka bukatar agogo. Da ladanin unguwa ya kira asuba sai in tashi, ina jin maƙwabta suna buɗe ƙofa, suna tasa 'ya'yansu maza a gaba zuwa masallaci. Ban taɓa ganin wanda ya bar wa matarsa wannan aikin ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Mu kuma sai mu shimfiɗa tabarma a falo. Da hunturu yara kan fito a ƙudundune cikin bargo, auta tana gyangyaɗi a cinyar uwarta. Waƙa ɗaya, karatu, sai addu'a. Minti 15 ya isa, domin akwai ɗumamen tuwo, ga ɗiban ruwa, ga makaranta. Uban da ya ja wa'azi kamar yana kan bagadi, yara za su koyi barci ido biyu.

Karatu zagayawa yake yi, kowa aya biyu, kuma da Hausa. Yaran yanzu sun fi sakin baki da Turanci, suna tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, amma ban sassauta ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi mahaifina ya koyi karatun boko a ƙauyenmu na wajen Malumfashi. Waƙa kuwa ta uwargida ce. Ta fi ni murya, ta kuma haddace su a Zumuntar Mata. In na yi tafiya Funtuwa ita ke riƙe sujadar gaba ɗaya. Sai dai taimako daban, sakin ragama daban. Leƙa majami'armu ta ECWA ranar taron mata, ka dawo ranar taron maza ka ƙirga kujeru, za ka gane inda da yawanmu muka ajiye nauyin. A Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Ba ta ce a jira Lahadi ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne tambayoyi. Wata safiya bayan amin, 'yata ta tsakiya ta ce, "Baba, wai mu ba Hausawa ba ne? A makaranta an ce babu Bahaushe Kirista."

Na ce, "Zauna, uwata." Ranar an makara. Na ba su labarin kakana Bamaguje, manomin dawa da auduga, da yadda bishara ta iso gidansa. Na faɗa musu aikin da mishan na SIM, ƙungiyar masu yaɗa bishara, suka yi a asibitin kutare na Babbar Ruga, nan kusa da birni. Na ce ko a 2023 da 'yan Katolika suka sami dayosis ta Katsina, wato yankin da bishop ke jagoranta, ɗan Malumfashi aka naɗa bishop, Gerald Mamman Musa, Bahaushe kamar su. Sannan na gargaɗe ta: gobe ki amsa da ladabi, ban da gardama, waɗannan yaran da su kika tashi, kuma naman layyar gidajensu kike ci duk shekara. Irin wannan tambayar yaro ba ya kai ta makarantar Lahadi. Wanda ya gani a gabansa da safe shi yake yi wa.

Akwai abin da na hana kaina tun farko, saboda na gan shi a gidan wani dattijo da na taɓa kwana. Ya rufe ido ya ce, "Ya Ubangiji, ka shiryi mai ƙin wanke kwano a gidan nan." Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ce amin ba. Wannan habaici ne aka sa wa rigar addu'a, kuma Afisawa 6:4 ta ja kunnen ubanni kada su tsokani 'ya'yansu. Faɗa yana da lokacinsa, bayan an naɗe tabarma. Na fi son hanyar Ayuba, wanda yakan yi sammako ya miƙa hadaya domin kowane ɗansa. Ina kiran sunan kowa, in roƙa masa abin da na san yana damunsa: jarrabawa, zazzaɓi, abokin da suka ɓata.

Nawa ma ba na ɓoyewa. In kuɗin makaranta ya gagara, ko kasuwa ta tsaya, a gabansu nake roƙo, in an samu kuma a gabansu nake godiya kafin in cire zakka. Yanzu sujadar Asabar babban ɗana ne ke jagoranta. Ya fi son littafin Karin Magana saboda ayoyinta gajeru ne, ni kuma in zauna cikin ƙannensa in jira layina ya zo.