Abin da na koyo daga baje kolin masu fatsar gashi a Jamus

Akwai wani irin su da Turawa ke kashe wa dukiya, wanda ba a sa masa tana ko ɗan kifi a bakin ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaro ko jatan lande ko ƙaguwa, a jefa wa kifi, ya ɗauka abinci ne ya kai cafka. Masu wannan fatsa ta gashi suna da kasuwarsu ta shekara-shekara, kuma ɗaya daga cikin sanannunta a Turai ita ce wadda ke ci a Fürstenfeldbruck, kusa da Munik a Jamus, cikin bazara, a harabar wani tsohon gidan ibada na Kirista. Can kamfanin da nake wa aiki a Bur Sudan, birnin tashar jiragen ruwan Sudan a bakin Bahar Maliya, ya kafa rumfa kafin zuwan korona, maigida kuma ya tafi da ni domin a sami wanda ya san ruwan da ake tallatawa.

Ni ɗan masunta ne daga Mai Wurno, a bakin Nil Azrak, kudu da Sinnar. Da birgi da kalli da mamari na tashi, a ruwan da madatsar Sinnar ta 1925 ke tarewa tana saki. Neman abinci ya kai ni ruwan gishiri, na sami aiki a jirgin da ke kai baƙi arewa da Bur Sudan, wajen Dungunab da tsibirin Mukawwar, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016 tare da tsibirin murjani na Sanganeb. Aikina tuƙa ƙaramin kwalekwale ne, in sauke baƙo a tudun ruwa mai zurfin gwiwa, in bi shi a baya ɗauke da jaka da ruwan sha.

A tsakiyar harabar baje kolin an shimfiɗa dogayen kududdufai na jarraba sanda. Duk mai sayar da sanda yakan miƙa maka ita ya ce je ka jefa, ko da ya ga alamar ba saye za ka yi ba. A nan na fahimci abin da na daɗe ina kallo a bayan baƙi. A fatsarmu dalma ce ke da nauyi, ita ke jan zare. A tasu koton ba shi da nauyin komai, don haka igiyar ce aka yi wa kauri da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska har ta miƙe ta ajiye gashin a inda ake so. Shi ya sa kowace sanda ke da lamba, kowace igiya ma haka, kuma dole su dace. Lamba 5 ta kifin rafi ce, lamba 9 ita muke ba mai neman kifin tiriga, lamba 12 kuwa sai babban kifin teku da muke kira bayad, wanda in ya fizga yakan ƙona yatsa. Yawancinsu tsawon ƙafa 9 ne, na kabon, amma akwai masu ƙera ta gora da hannu, su tsaga gorar, su fere sala shida su manne. Mai irin wannan ya riƙe ni da bayani kamar ni ne babban mai sayensa na ranar. Ya tambayi irin iskar da muke fama da ita, da na faɗa masa, sai ya ce sandarsa ba ta ruwanmu ba ce, kada in bari kowa ya kawo ta. Mutum ne ya hana kansa ciniki da bakinsa, kuma tun daga ranar duk baƙon da ya tambaye ni sandar rafi, sunan wannan tsoho nake ba shi.

Inda na fi daɗewa shi ne layin masu ɗaure koto. Kowa na zaune da ɗan ƙarfe mai damƙe ƙugiya, da fitila, da almakashi mai bakin allura. Wata dattijuwa ta ɗauki gashin wuyan zakara guda ɗaya, ta riƙe bakinsa da ɗan matsi, ta naɗa shi a wuyan ƙugiyar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, sai ga gashin ya buɗe ya zama ƙafafun ƙwaro. Ta ɗaure, ta ɗiga gam da tsinin allura, ta hura masa iska, ta ɗora mini a tafin hannu. Ban ji nauyinsa ba ko kaɗan. Akwai gonaki a Amurka da ake kiwon zakaru domin gashin nan kawai. Suna amfani da jelar barewa, da gashin kunnen zomo, da na ɗawisu, har da na zabo, wanda mu muke sharewa mu zubar bayan an fige.

Aikin ya yi mini kama da ɗinkin hula: ido, haƙuri, da hannun da ba ya rawa. A wata rumfa ta 'yan sari na juya kwalin koto na ga an rubuta Kenya. Ashe kaso mai yawa na koton da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka a Kenya da Tailan da Siri Lanka ake ɗaure shi, dozin-dozin, a aika. Wannan ya tsaya mini a rai. Muna da mata a Mai Wurno da Gadarif da Kasala masu hannun da ya fi wannan aikin, ba wanda ya taɓa nuna musu cewa akwai shi.

Amma babban darasin a rumfarmu na same shi. Mun kafa hotuna, mun baza takardu masu sheƙi, maigida yana bayanin jirgi da ɗakunan kwana da abinci. Mutane sukan saurara su gyaɗa kai. Da zarar an ce ga wanda yake shiga ruwan, sai su juyo kaina, tambayoyin kuma su sauya. Wace iska ke kaɗawa da safe? Ƙasan ruwan yashi ne ko murjani? Tiriga in ya tsorata yana dawowa? Wane launi ƙaguwar wurin take?

Duk na san amsoshin, domin su ne aikina na kullum. Tiriga kifi ne mai faɗi, mai haƙoran da ke fasa kwanson ƙaguwa, kuma yakan lanƙwasa ƙugiya mara ƙarfi ko ya tauna ta. In yana kiwo a ruwa mara zurfi sai ya dasa kai ƙasa, wutsiyarsa ta fito sama tana lilo. Lokacin ne ake matsowa, a hankali, rana a bayanka, ba ka bari inuwarka ta riga ka. Ba a jefa masa koto a kai. Gaba kaɗan ake ajiyewa, a bari ya nutse, a ja shi kamar taƙi ɗaya a tsaya. In ya bi, ba a ɗaga sanda, igiya ake ja da hannu. In ya kamu kuwa ramin murjani zai nufa, sai ka tare masa hanya kafin ya shiga ya ƙulle kansa da ƙayar bayansa. Na kuma gaya musu cewa Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen kashi 4 cikin 100, saboda haka kwarkwaron naɗe igiya da ba a rufe cikinsa ba ba ya kai ƙarshen tafiya lafiya, kuma tashi da saukar ruwanmu kaɗan ne, iska ce ke juya shi fiye da wata.

Wani mai ɗaure koto ya zaro littafi yana rubutawa. Na ce masa ƙaguwar da baƙi ke kawowa ta cika duhu, ta cika nauyi, faɗuwarta a ruwa kan kori kifi. Washegari ya zo da guda uku, masu launin yashi, idon dalmarsu ƙanana. Ya ce zai sa su a kasuwa. Na yi murna, amma a daren na yi ta lissafi. Jirgi kowa na iya saye, sanda kowa na iya saye. Abin da ya sa mutum zai biya kuɗin Yuro masu yawa ya taso daga Jamus shi ne a sami wanda zai nuna masa wutsiyar kifi a cikin ƙyallin rana. A jiragen irin namu, jagoran da ake biya da kuɗin waje yawanci daga wata ƙasa ake kawo shi, shi kuma daga bakin masuntan ƙabilar Bija na gaɓar da irinmu yake tsintar sanin ruwan. Mun saba ba da wannan kyauta, domin a wurinmu hira ce ta bakin ruwa. Ban ce a daina karamci ba. Na ce wanda ya san ruwa ya san cewa abin da ke kansa yana da farashi, ya koyi yaren baƙo, ya koyi jifa da sandar, ya nemi kujerar jagora da albashinta.

Akwai abin da ban karɓa ba. Wasu daga cikin masu fatsar gashin in an ambaci mai kalli sai su yamutsa fuska, kamar shi ne maƙiyin ruwa. Wanda bai taɓa jiran kifi ya sayar kafin a ɗora tukunya ba bai kamata ya yi saurin yanke wa masunci hukunci ba. Batun sakin kifi kuma, da na koma gida na ba Baffana labarin cewa sukan daddanne ƙayar ƙugiya don kada ta yaga baki, su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, su ɗauki hoto su sake shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a wahalar da halittar Allah ba don ci ba, ba don sayarwa ba?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa, kifin nan guda in yana raye, baƙo goma za su biya su zo nemansa."

Ya ce, "Wannan lissafin aljihu ne. Ni hakkin dabba nake tambaya."

Abin mamaki, tambayar Baffa ita ce ake yi a Jamus ɗin kanta. Dokarsu ta kare dabbobi ba ta yarda a wahalar da dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, don haka kama kifi da niyyar hoto kawai abu ne da kan kai mutum gaban hukuma a can. A jihar Bavariya sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka lasisin su, akwai watannin da ba a taɓa wasu kifaye saboda suna ƙwai, akwai tsawon da in kifi bai kai ba dole a mayar da shi. Wannan ɓangaren ne na fi so mu ɗauka, kuma Baffa bai musa ba, don shi da kansa yake kukan masu taru mai ƙaramin ido da ke kwashe 'ya'yan karfasa kafin su yi girman tafin hannu. Ya ce a da Sarkin Ruwa ne ke hana irin wannan, ba sai an jira takarda ba.

Da na koma bakin aiki na sayi littafi, na fara rubuta abin da na gani kowace fita: wurin, iskar, hasken, koton da aka ci da wanda aka ƙi. Na roƙi wani baƙo tsohuwar sandarsa mai lamba 9, na riƙa jifa a bakin gaɓa da yamma, na ja yara biyu na jirgin, ɗaya Bahaushe ɗaya ɗan Bija, muna koyo tare. Na kai wa ƙanwata ƙarfen damƙe ƙugiya da samfuri, ta ɗaure jatan lande da gashin zabo da zaren hula, bayad kuma ya ci.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tsayar da zuwan baƙinmu, jirgin yana ɗaure, yaran sun koma kamun najil da sha'ur suna kai wa kasuwar kifi. Littafin yana hannuna, kuma na ƙara masa babi na ruwan daɗi, don tsage da giwan ruwa duk suna cin koton gashi, har akwai masu zuwa kogin Faro a Kamaru musamman dominsu, mu kuwa muna da su a Nil Azrak. Ƙanwata ta koya wa maƙwabtanta mata ɗaurin. Gashi da zare ba sa yi mana wuya. Abin da ke tsayar da aikin shi ne ƙugiya mai kauri wadda ba ta tsatsa a gishiri, irin wadda tiriga ba ya iya lanƙwasawa, don haka duk ɗan'uwan da zai taso daga Jidda, ita nake roƙo ya riƙo mana, lamba 4 da lamba 6.