Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Kallon Ruwa

A makon jiya na tsaya inda na gama shekarar farko a Alƙahira. Da niyyata in wuce kai tsaye zuwa maganar auren Yaya, amma wata magana ta tokare mini maƙogwaro, sai na fitar da ita zan samu sukunin ci gaba. 'Yan gidanmu da ke bin wannan rubutu sun san sunan da aka laƙaba mini. Har 'ya'yan ƙannena da aka haifa jiya-jiya suna kirana Kawu Ɗan Kallon Ruwa, ba su san daga inda abin ya samo asali ba. Daga bakin Baffa ya fito, Allah ya jiƙansa: "An aike shi ɗebo ilimi, ya tsaya kallon ruwa." To yau zan faɗi ruwan da na kalla.

Daren da zan bar gida, kakata Iya ta sa aka kira ni ɗakinta. Lokacin idonta ya riga ya yi rauni, da hannu take gane mu. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ɗan nan, an ce mai Burda a ƙasar da za ka yake kwance. In ka je, ka gaishe mini da shi." Iya ba ta san baƙi ba, amma Burda tana kanta tun daga farko har ƙarshe, da ita take raino, da ita take kaɗi. Na ce to Iya. A zatona Masar gari guda ce, in ka sauka sai ka tambayi ɗan unguwa ya nuna maka. Sai da na je na gane Imam Busiri, mai wannan ƙasidar yabon Annabi, a Iskandariyya yake, bakin Bahar Rum, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Alƙahira.

Shekara guda da rabi ina ɗaga tafiyar. Sai a hutun tsakiyar shekara, farkon 2005, muka shiga jirgin ƙasa a tashar Ramsis mu uku, ni da abokin ɗakina da wani ɗan Senegal. Kuɗin nawa ne, na tara su ne daga kwafar littattafai da nake yi wa ɗalibai. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa kuɗin littafi na ci. Wanda ya faɗa yana raye, kuma na san yana karantawa.

Wajen awa uku muka sauka. Daga tashar muka bi titin Nabi Daniyal, inda masu tsofaffin littattafai suke jere, muka gangara, kwatsam sai gine-gine suka ƙare. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa gani ba. Na saba duk ruwan da na gani yana da ɗaya gaɓar, ko Nilu kana hango mutanen tsallake. Wannan ba shi da tsallake. Na tsaya a kan katangar titin gaɓa, wanda su suke kira Kurnish, iska mai gishiri tana dukan fuskata, raƙuman ruwa suna marin duwatsu suna watso mana feshi. Abokin ɗakina yana ta jan rigata. Ban san minti nawa na yi ba. Idan wannan Baffa yake nufi, to na amsa laifina, na kalli ruwa.

Titin nan ya bi gaɓa kamar lauje, ya fi kilomita 15, daga tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabas har lambun Muntaza. Mu yamma muka nufa, inda ganuwar Ƙaitbai take zaune a bakin harshen ƙasa, fara-fara, ruwa ya kusa zagaye ta. Sarki Ashraf Ƙaitbai na Mamalik ne ya fara gina ta a 1477, a daidai gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya tun zamanin Girkawa, wadda ake lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Girgizar ƙasa ce ta cinye hasumiyar sannu a hankali, ta 1303 ta yi mata mummunar illa. Ibn Battuta ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya rushe, da ya dawo a 1349 ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Da ragowar duwatsunta aka ɗora ganuwar, in ka lura da gindin katanga za ka ga wasu manya-manyan da ba su yi kama da sauran ba. Daga tagogin sama, ƙanana masu ƙunci na maharba, kana ganin kwale-kwalen masunta ja da shuɗi da kore suna rawa a tashar. Ta nan jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin luguden wuta a watan Yulin 1882.

A nan ne aka ɗauki hoton da ya ja mini. Wani mai kyamara ya tare mu a ƙofa. Abokin ɗakina ya cire baƙin tabarau ɗinsa ya manna mini, ya ce ka ɗan jingina. Na jingina, na ɗora ƙafa ɗaya a kan dutse, ina dariya, teku a bayana. Ko ni da na ga hoton na san bai yi kama da almajiri ba.

Masallacin Busiri bai kai tafiyar minti ashirin daga ganuwar ba. Mun wuce ta gabansa da yammar nan, na ce gobe. Wannan goben tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Gobe ta yi, muka tafi laburare. Lokacin sabo ne fil, an buɗe shi a watan Oktoban 2002, kusa da inda ake zaton tsohon laburaren zamanin Badalisa, Girkawan da suka mulki Masar, yake. Rufinsa wani faifai ne babba da aka karkata yana fuskantar teku, kamar rana tana hudowa daga ruwa. Bangon waje dutsen Aswan ne, an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya iri-iri, muka ɓata lokaci muna neman waɗanda muka sani. A ciki kuwa zauren karatu hawa-hawa yake gangarawa kamar matakala, haske yana saukowa daga sama ba ya dukan takarda. An gina shi don ya ɗauki littafi miliyan takwas, amma a wancan lokacin kantoci da yawa wayam suke, wannan ya ɗan sage mini gwiwa. Shekaru bayan haka, ranar sunan ɗan Yaya na uku, Baffa ya sake jefo maganarsa a gaban mutane, an aike shi ɗebo ilimi ya tsaya kallon ruwa, kowa ya yi dariya. Na so in ce, Baffa, yini guda cur na yi a cikin ɗakin littattafai a garin nan. Ban faɗa ba. Ba a mayar wa ƙanin uba magana, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, wannan ba zan taɓa musawa ba. Amma abin ya zauna.

Da muka fito sama ta yi baƙi. Mutanen garin suna kiran guguwar hunturunsu nawwa, kowacce da sunanta da lokacinta, masunta sun haddace su kamar kwanakin wata. Akwai wadda suke ce wa tsintsiya, wai ita ke share teku. Ruwan sama ya tsuge, teku ya riƙa tsallake katanga yana zubowa kan kwalta, motocin haya masu launin baƙi da rawaya suna tafiya kamar agwagi. Muka fake a taram, ƙaramin jirgin cikin gari da ya fara aiki tun 1863, yana tafiya yana ƙugi kamar tsohon da ke ciwon gwiwa. Na kusa faɗawa taragon mata, wata dattijuwa ta daka mini tsawa.

Sauran wuraren da baƙi ke rububi, yawancinsu sai a zuwana na biyu na gan su, tare da uwar yara, bayan shekara goma sha biyu. Ginshiƙin Sawari, jan dutse guda ɗaya santal, tsayinsa da gindinsa kusan mita 27, Turawa suna jingina shi ga Fomfei, wani jagoran yaƙin Rum, alhali don Sarkin Rum Diyokiletiyan aka kafa shi. Da kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom Shuƙafa, waɗanda aka gano a 1900, ana cewa jaki ne ya rufta rami aka gan su; ita ta ƙi sauka, ta ce ba za ta kai kanta kabari da ƙafarta ba. Muntaza ce ta burge ta, lambu da dabino da fadar da Sarki Fu'ad ya gina a 1932. Ni kuwa ina ta tunanin ɗansa Faruƙ, wanda sojoji suka tilasta wa sauka a ranar 26 ga Yulin 1952, ya shiga jirgin ruwa daga fadar Ra'asut Tin ya bar ƙasar. Muka ci gasasshen kifi a Anfushi, wanda kai za ka nuna shi a kan ƙanƙara a auna maka. Ita ma ta tsaya a Kurnish ta yi shiru. Na ce mata, kul, kada a ji a gida.

Na koma baya. Rana ta uku da asuba na fita ni kaɗai. Gari ya wanku, sanyi yana shiga ƙashi. Na yi salla a masallacin Abul Abbas Mursi, babba mai ƙubbobi da ado kamar an yi masa zane da allura. Shi mutumin Mursiya ne ta Andalus, almajirin Abul Hasan Shazali, ya rasu a nan a shekara ta 686 bayan Hijira, kuma shi ne shehin Busiri. Masallacin almajirin yana daf da na malamin, ƙarami, ba shi da wani kwarjini daga waje. Masu shirin rubuto mini cewa ziyarar kabari kaza ce, ku adana tawadarku, saƙon kaka na kai.

Na shiga. Na ɗaga kai, sai ga baitocin Burda a rubuce sun zagaye bango. Na fara bi da ido, ban ankara ba sai na ji ina rerawa da muryar Iya, da irin janta, har da wuraren da take karya Larabcin, waɗanda tun ina aji ɗaya nake alfaharin na fi ta sanin daidansu. A ranar nata ne ya zo bakina, nawa ya gudu. Na yi sallama, na ce Iya tana gaishe ka, na faɗi sunanta da na mahaifinta, na yi addu'a. Wani tsoho mai shara ya ga halin da nake ciki, ya dafa kafaɗata ya wuce bai ce komai ba. A nan babu mai kyamara.

Da muka koma Alƙahira na ɗauki biro zan rubuta mata, sai na fasa. Na ce wannan ba labarin da wani zai karanta mata ba ne, sai na zauna a gabanta ta riƙe hannuna. Shi kuwa abokin ɗakina bai jira ba. Wani ɗalibi zai tafi gida, ya cusa hoton tabarau cikin ambulan ɗinsa, ya ce a miƙa gidanmu, wai don su ga ina lafiya. Har yau ban yarda don haka ya yi ba, mun samu saɓani a makon kan kuɗin kwafa. Hoton a hannun Baffa ya faɗa. Yaya ta ce ya juya shi gaba da baya, sannan ya furta maganar nan a karo na farko, a tsakar gida, Iya tana zaune a kan tabarma. Ta ce a ba ta. Ta shafa shi da yatsu, ta tambaya wane gari ne. Ba wanda ya sani.

Ta rasu wata huɗu kafin in dawo hutu. Hoton yana nan a wajen babbar 'yar Baffa, sau uku ina aika mata ta ba ni, kullum sai ta ce za ta duba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, auren Yaya, da yadda aka yi da gonar mahaifinmu.