Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Walimar Dawowar Baba

Alhamdu lillahi, an yi walima an watse lafiya. Tun jiya nake son in rubuto, gajiya ta hana. Ba zan maimaita abin da ya same mu tun da yaƙin Sudan ya fitar da mu daga Madani a Disambar 2023 ba. Ku kuka riƙa nemanmu a waya muna Gadarif, kun san ciwon Baba, kun ga yadda muka tarar da gidan. Allah kada ya maimaita mana.

Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne alwashin Baba. Yana kwance a ɗakin Goggo, ko kunu sai an lallaɓa shi, ya ce in Allah ya sa ya sake kwana a gidansa sai maƙwabta sun ci haƙarƙarin bijimi a tsakar gidan, kuma gasasshe. Da labari ya zo a Janairun 2025 cewa Madani ta buɗe, wannan ya fara tuna mana. Gyaran rufi da ƙofofi ya cinye abin hannunmu, sai yanzu hali ya yi.

Na san ba kwa son a ambace ku, amma ku gafarce ni. Goggonmu ta Gadarif, wadda ta bar mana ɗakinta ta koma rumfa da jikokinta, ba ta taɓa sauya mana fuska ba. Kawunmu na Mai Wurno da ya turo kuɗin nama ta manhajar banki ta Bankak tun kafin mu buɗe baki. Mahaucin unguwarmu, da ya ware mana haƙarƙari babba guda ba a sassare ba, ya bar kitsen bayansa, ya ce kada mu yarda kowa ya cire shi, shi zai tsare naman daga bushewa.

Sai Baba mai furun, wato mai gidan gasa burodin unguwarmu.

Naman ya iso da la'asar, na shafe shi da gishiri da tafarnuwa da masoro da citta, sannan na tsaya ina kallonsa. Babu wutar lantarki, murhun gas ɗinmu kuwa yana cikin kayan da ba mu tarar ba. Tsoka mai kauri haka in aka ɗora ta a garwashi, waje zai ƙone ciki yana ɗanye. Ƙannena suka ce a yayyanka a yi agashe a huta. Ni kuma na san ba abin da Baba ya yi alwashi ke nan ba, na kuma san bai da haƙoran agashe yanzu. Wallahi a lokacin nan tsoro ya kama ni, kada bayan duk abin da tsohon nan ya jure, a ɗan wannan buri mu ba shi kunya.

Bayan lisha muka ɗauki siniya ni da autanmu zuwa furun na bakin layi. Mai furun ya gama burodin dare yana shirin rufewa, saura ɗan barcin da yake samu kafin kwaɓin asuba. Ya ɗaga mayafin ya duba, ya ce, "'Yata, na Alhaji ne?" Na ce e. Ya cire rigar da ya sa ya rataye. Ya juya naman, ƙashi a ƙasa kitse a sama. Ya share yajin ƙuli-ƙulin da na barbaɗa a gefe, ya ce gyaɗa ba ta jure wannan zafin, ɗaci za ta yi, a bar ta sai ƙarshe. Ya tura siniyar can ciki har bayan naman ya yi ja, sannan ya jawo ta bakin furun inda wuta ta lafa, ya rufe. Ya kore mu gida. Autanmu da ya ƙi tafiya ya ce dare ya raba mutumin yana zaune a kan buhun fulawa, lokaci lokaci ya tashi ya ɗebi man da ya tsatso ya zuba a kai.

Da asuba na zo da wuƙa ina gaggawa, ya hana ni. Ya ce in an yanka da zafinsa romon duk a siniya zai ƙare, a bar shi a rufe kamar rabin awa ya huta. Na miƙa masa kuɗin itace, ya ture hannuna har sau nawa, ya ce shi bai fita daga garin nan ba, ya ga gidaje sun zama kango ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka sake hura wuta a gidan Alhaji ba ranar ciniki ba ce. Na kasa ce masa komai, kuka kawai na yi.

Da hantsi Baba ya ci da hannunsa, naman na saɓulewa daga ƙashi, ya haɗa da kisra, siririn burodin dawa, da shatta, wato yajin barkono. Ya ce a fara kai wa gidajen da mazansu ba su dawo ba.

Matan layinmu da suka kwana a kan kisra da zoɓo, samarin da suka kafa rumfa suka ɗebo ruwa a kura, malaman da suka yi sauka, Allah ya saka muku da Aljanna. Allah ya raya muku zuri'a, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya sa kada ku nema ku rasa. Ya jiƙan waɗanda muka bari a hanya, ya haskaka makwancinsu, ya dawo da na Masar da na Chadi da na sansanoni gidajensu, ya kashe wutar nan a Sudan baki ɗaya. Baba mai furun, Allah ya haramta wa jikinka wuta, ya kai ka ɗakinsa.

'Yan'uwanmu na Jidda, mun san nisa da hidima, mun yi muku uzuri. Sai dai Baba ya yi ta tambaya ko kun bugo, har yamma wayar tana gefensa. Yana nan, lambar ba ta sauya ba.

Masu siniyoyi da tukwane da tabarmi, an wanke an jera a zaure. Ku yi haƙuri ku aiko yara, ƙafata ba za ta iya zagayen unguwa a makon nan ba.