TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: NEMAN GAURAKA A FADAMAR NGURU

A kashin da ya gabata na tsaya ne a inda aka ɗauke ni aikin ƙidayar tsuntsaye, bayan shirin kare fadamar Haɗeja zuwa Nguru da aka fara a 1987 ya soma neman 'yan gari waɗanda suka san hanyoyin ruwa. Yau labarin baƙin da suka zo neman gauraka zan bayar, kuma ba zai bayu ba sai na sake taɓo Kawu Ƙarami, Allah ya jiƙansa, domin ko da yake ƙasa ta rufe masa ido, maganar da ya yaɓa mini a gaban surukaina ba ta bar kunnena ba. Cewa ya yi ɗan maharbi guda ya lalace, ya koma ɗan rakiyar masu kallon abin da ba za su ci ba.

Baƙin su uku ne, Turawa biyu da wani malamin jami'a ɗan ƙasarmu, kuma sun iso cikin tsakiyar hunturu, lokacin da agwagin ruwa na Turai suke tsallako hamada su cika tafkuna. Tun da mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Filib, ya ziyarci Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa a cikin fadamar, a 1989, sunan wurin ya shiga kunnen irin waɗannan mutane, har ya zama ba mu cika rasa baƙi ba da zarar sanyi ya kama. Kowannensu yana rataye da madubin hangen nesa, yana kuma riƙe da wani ɗan littafi wanda a ciki yake rubuta duk tsuntsun da idonsa ya gani karo na farko a rayuwarsa, da rana da wuri. Babban cikinsu, dattijo mai furfura, ya buɗe mini hoton gauraka da tukkunta mai ruwan zinariya, ya ce ita ce tsuntsuwar da Najeriya ke tinƙaho da ita, kuma ita kaɗai ta raba shi da gida.

Na ce masa zan kai su, amma a raina na san abin da na ɗaukar wa kaina. Muna yara, idan Baba ya tafi da ni farauta bayan damina, garken gauraki muke tararwa suna kiwo a bakin fadama, da yamma kuma su hau bishiyoyi su kwana, kukansu na tashi har cikin gari. Baba bai taɓa harbin gauraka ba. Kayan aikinsa kan burtu ne, wanda aka sassaƙa masa wuya da ice aka lulluɓe da fata, ya ɗaura a goshi, ya rufe jikinsa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar ƙwari, har ya shiga tsakiyar dinya ba su ankara ba. Shi ne yake ce mini, “Kai yaro, tsuntsu ba ya gudun mutum, gaggawar mutum yake gudu.” Da wannan magana na ci abinci shekaru masu yawa, ba da takardar makaranta ba.

Mun fara da kwalekwale daga tafkin Nguru muka nufi mashigar Marma. Ciyawar kacalla ta riga ta fara cin hanyoyin ruwa a lokacin, don haka akwai wuraren da mai tuƙi ya ajiye gora muka sauka muna tura jirgin da hannu, ruwa iya cinya, sanyi na ratsa ƙashi. Kirinjijiya suka tashi a gabanmu suna fito, ga jinjimi, ga zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela ta yi wa bakin gaɓa fari fat. Ƙaramin Baturen nan sai ya miƙe zumbur cikin jirgi duk lokacin da ya hangi fiffike, tsuntsaye su watse, shi kuma ya dawo yana tsaki. Na roƙi malamin ya fassara masa maganar Baba, ya saurara ya yi dariya, amma daga ranar ya koyi zama.

A wani tungan masunta wani yaro ya kawo mana ɗan zoben ƙarfe da ya ciro daga ƙafar wata agwagwa da ta faɗa komarsu. Zoben bai kai faɗin farce ba, an buga masa lambobi da baƙaƙen boko a jiki. Dattijon ya juya shi a tafin hannunsa, ya bayyana mana cewa a can ƙasashensu ake sanya wa tsuntsu irin wannan zobe a rubuta lambar, domin duk inda aka same shi a san tafiyar da ya yi. Masuntan ba su yarda ba, suka ce wace agwagwa ce za ta ƙetare teku da hamada don ta zo ta ci a Marma. Da muka tambaye su gauraka kuwa, amsa ɗaya muka riƙa samu a kowane tunga, wato an daɗe ba a ji kukanta ba.

Malamin jami'ar ya ɗora laifin a kan ruwa, kuma yana da gaskiyarsa. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa da ya biyo baya a 1992 sun tare ruwan kogin Haɗeja tun daga ƙasar Kano, ga farin da aka sha a tsakani, sai ambaliyar da take shimfiɗa fadama kowace shekara ta ja baya, gauraka kuma a cikin ciyawa mai ruwa take yin sheƙa da damina. Ni dai na yi shiru, domin akwai abin da na sani wanda ba ya cikin littafinsa. Kawu Ƙarami, wanda ya kira sana'ata lalacewa, da 'ya'yan gauraka ya gina shigifarsa. Yara yake turawa su kwaso su daga sheƙa tun ba su yi fiffike ba, ya raine su da dawa a bayan gida, ya ɗaure su cikin kwando a saka a jirgin ƙasa zuwa Kano, inda attajirai ke saye su ajiye a tsakar gida don ado da nuna isa. Har gobe a danginmu ana yabon Kawu da iya neman kuɗi.

Wani abu ya faɗo mini a rai yanzu, ko da yake ya faru ne shekaru bayan haka. An tura mu Jos ganin dajin Amurum da ke kusa da Laminga, inda aka buɗe cibiyar binciken tsuntsaye a 2001, aka nuna mana wani ɗan jan tsuntsu mai kama da baiwar Allah da yake zaune a cikin duwatsu. Sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ne dabam wanda ba a taɓa rubuta shi ba, kuma ta hanyar kunne aka gano shi, domin akwai wani baƙin tsuntsu da yake zuba ƙwai a sheƙarsa, 'ya'yansa su tashi suna kwaikwayon kukan mai sheƙar. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna ganinsa a kan hanyar gona. Wanda ya zauna ya saurara shi ya san cewa sabon abu ne, kuma da Baba na raye da na gaya masa cewa masu digiri ma a kan maganarsa suke.

Daga Marma muka hau mota muka bi hanyar Gashua zuwa Dagona, wadda a lokacin ta riga ta shiga ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Mun yi sammako mun kwanta a bayan wasu bagaruwa tun kafin alfijir, rana ta fito ta same mu, dinya da kwasakwasa suka sauka, littattafan baƙi suka ƙaru da sunaye, amma gauraka ko gashinta. Dattijon ya ce an gaya masa akwai su da yawa a Waza ta Kamaru da Zakuma ta Chadi, sai dai shi a ƙasar da take alfahari da ita yake so ya gan ta.

Ana gobe za su tafi wani dillali ya raɗa mini cewa akwai biyu a gidan wani alhaji a cikin gari. Na kai su. Muka same su a tsakar gida kusa da turken rago, an datse musu fiffike ɗaya, suna tsintar tsaba tare da kaji. Dattijon ya daɗe yana kallonsu, ya gaishe da maigida cikin ladabi, amma bai buɗe littafinsa ba, ya ce a ƙa'idarsu tsuntsun da ke tsare ba ya shiga lissafi. Alhajin kuwa cikin fara'a ya faɗa mana wurin wanda ya saye su, kuma malamin jami'ar ya waiwayo ya dube ni, domin ya san sunan gidanmu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Kawu Ƙarami da ƙafarsa ya tako har ƙofar ɗakina yana neman in sama wa ɗansa na biyu gurbi a wannan aiki na rakiyar masu kallo, da kuma abin da Inna ta hana ni faɗa masa a ranar.