Abin da fita eskoshan da ɗalibai ya koya min a Kano

Ni malamin Bayoloji ne a wata sakandare a nan cikin Kano, kuma kusan duk shekara ni ake ɗora wa aikin fita da yara eskoshan. A makarantunmu da an ce eskoshan kowa ya san inda aka dosa, Gidan Zoo, a cika bas da yara da lemo da biskit a je a zagaya a yi hotuna a dawo, shikenan. Abin da aikin nan ya fara koya min shi ne yaron da ya fita ba tare da tambaya a ransa ba to kallo kawai zai yi, washegari ka tambaye shi me ya gani ya ce maka zaki yana barci.

Kuma gaskiyarsa ne, zaki yakan kwashe awa 18 ko fiye a rana yana kwance, in kuka isa da azahar rana ta take ba abin da za ku gani sai barcin, daga nan ne yara suke fara neman tsakuwa su jefe shi wai ya tashi, abin da ke ƙona min rai sosai wallahi. Shi ya sa nake matsa wa a fita da sassafe, kuma ba a lokacin bikin sallah ba da wurin yake cika maƙil. Tun a aji nake ba kowane rukuni tambayarsa. Ku ƙirgo min yatsun ƙafar jimina. Ku gano min me ya sa kada yake kwanciya ya wangale baki ba abinci a gabansa. Ku duba min kalar kashin kura. Da sun dawo da amsa, yatsu biyu ne kacal a kowace ƙafa, kashin kura fari ne fat, sai darasin ya buɗe da kansa, jimina ta bar tashi ta koma gudu shi ya sa ƙafarta ta zama haka, kada ba ya gumi irin namu sai ya buɗe baki ya rage zafi, ita kuma kura har ƙashi take tauna wa ta haɗiye, sinadarin da ke cikin ƙashin ne ke fita fari. Gidan Zoo ɗin nan tun farkon shekarun 1970 yake, zamanin Gwamna Audu Bako wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma ni a ganina manyan bishiyoyin da ke ciki darajarsu ba ta gaza ta dabbobin ba, ka tsaya da yara a bakin titin Zoo Road su ji zafin kwalta sannan ku shiga ƙarƙashin inuwar nan su ji bambanci a jikinsu, ba sai ka yi dogon bayani kan amfanin bishiya ba.

Amma inda na fi ƙaruwa ni kaina ba Zoo ba ne, marinar Ƙofar Mata ce. Mutane suna ɗaukarta wurin tarihi da kai Turawa ɗaukar hoto, ana cewa tun 1498 take, to amma fa Kemistiri ne tsagwaronsa ake yi a wurin kullum. Ganyen baba ake zubawa a ramin da ruwa da toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsa shi da muciya. Shi shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ramin su ne ke cinye iskar oksijin su juya shi ya zama mai narkewa, tokar kuma ita ke riƙe ruwan ya yi kaifin da ake so. Shi ya sa in aka tsamo zane daga ramin za ka ga launinsa ya yi kore-kore, yana shan iska a gaban idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi, a sake tsomawa a sake ɗagawa har ya yi duhun da ake nema. Wannan abin a allo sai mu yi sati muna fama da shi yara suna haddacewa ba su gane ba, a nan kuwa cikin minti kaɗan sun gani da idonsu.

Wata ɗalibata ta durƙusa ta gaida wani dattijo marini ta ce, “Baba, don Allah ta yaya kuke gane ramin ya nuna?” Ya ce mata, “'Yar nan, kumfar za ki duba, sannan ki shaƙi warin, in bai yi ba hancinki zai gaya miki.” Bai san sunan bakteriya ba, amma ya san ranar da suka gama aikinsu, ya san lokacin sanyi ramin ya fi jinkiri, ya san in toka ta yi yawa ko ta yi kaɗan me zai faru. Daga nan na ɗauki ƙa'ida, duk inda muka je mai sana'ar shi ne malami a ranar, ni sai mun koma aji nake ɗora nawa a kan nasa. Kuma ina gargaɗin yara tun a mota, a gaida mutane, kar wanda ya toshe hanci a gabansu, kar a ɗau hoton kowa sai an nemi izini. Wannan gargaɗin ya fi zama dole a majema, inda ake jiƙa fata da 'ya'yan bagaruwa, sinadarin da ke cikin bagaruwar ne ke kama fatar ya hana ta ruɓewa, warin wurin akwai ƙarfi amma mutanen da ke ciki abincinsu suke nema kuma ilimi ne a hannunsu.

Gidan Makama ma haka, yawanci tarihi ake zuwa nema, ginin ƙarni na 15 ne na zamanin Muhammadu Rumfa, ni kuwa bango nake sa yara su dafa. Kaurin ginin ƙasa yana shanye zafin rana a hankali sai dare ya sake shi, shi ya sa za ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi ba fanka ba komai. Su ɗaga kai su ga azara, itacen giginya ne da gara ba ta cika iya masa ba.

Sai Dutsen Dala. A nan ne na koyi cewa wani darasin sai daga sama yake ganuwa. Tun daga ƙasa nake sa su ɗauki ɗan marmara su duba jan da ke jikinsa, ƙarfe ne a ciki ya yi tsatsa, kuma masu binciken tono sun samu shaidar ana narka tama a wajen Dala tun wajen ƙarni na 7, wato dutsen da kansa yana cikin abin da ya jawo mutane suka zauna a nan tun kafin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara. In kun hau za ku hango Gwauron Dutse ga shi can, irinsu ɗaya, saman ya yi tauri ya ƙi zaizayewa ƙasar kewaye ta tafi ta bar su a tsaye. Sai in ce su nemo min kududdufai su ƙirga. Da ƙasar ramukan nan aka gina gidajen birni da badala, su kuma ramukan suna tare ruwan sama, yanzu an cike da yawa an yi gini a kai, to ruwan watan Agusta ina zai je? Yaron da ruwa ya taɓa shiga ɗakinsu ba ya buƙatar a ba shi amsa, za ka ga ya yi shiru yana kallon unguwarsu. Lokacin hunturu kuma in hazo ya rufe garin ba a hango nesa, ba na cewa tafiya ta ɓaci, ƙurar nan mafi yawanta daga Bodele take a ƙasar Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iska ce ke kwaso ta ta wuce ta kanmu, har wata ta ƙetara teku ta sauka a dajin Amazon da ke Kudancin Amurka. Yara suna son wannan labarin sosai, don ƙurar da ke fasa musu leɓe ce.

Akwai abin da ke damuna duk sanda muka hau, sama fayau ba ungulu. Mu da muka taso ungulu ko'ina take, a kwata, a bola, a kan rimi, yanzu cikin ɗalibaina da yawa ba su taɓa ganin ta a sake ba, kuma tun 2015 aka saka irin tamu ɗin nan cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, guba da farautar ta don haɗa magani suna cikin abin da ya cinye ta. Ita ce fa ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Wannan ya sa na buɗe wa ajina wani littafi, duk wanda ya ga shamuwa ta farko kafin damina ya rubuta ranar da unguwar, haka shirwa, haka balbela, haka ranar da gawo ya zubar da ganye, tunda shi da damina yake kaɗewa sai rani ya yi kore, saɓanin sauran bishiyoyi. Na kuma ce su tambayi kakanninsu yaushe rabonsu da ganin ungulu a unguwa su rubuta abin da aka faɗa musu. Bana 'yan aji huɗu ne ke riƙe da littafin, in sun wuce su miƙa wa na bayansu, kuma ina so malaman wasu makarantun na Fagge da Gwale da Tarauni su buɗe irinsa mu riƙa haɗawa a ƙarshen kowace damina.